Kiran elk daga asuba zuwa almuru: nazarin kaka uku na wani maharbi a Kolorado

## Mutumin, wurin da dabbar

Wanda wannan nazari ya shafa magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai gyaran wutar lantarki a wani gari na yammacin jihar Kolorado ta Amurka. Ya fara farautar elk da baka a 2021. Matsalarsa guda ɗaya ce: ya iya kira, dabbobin suna amsa masa, amma ba sa zuwa inda kibiyarsa za ta kai.

Elk dangin barewar ƙasashen sanyi ce, sai dai ta fi kusa da sa a girma. Bijimi baligi yakan kai kilo 300 zuwa 350, saniya kuwa wajen kilo 230. Namiji ne kaɗai ke da ƙaho, mai rassa, yana zubar da shi a ƙarshen hunturu ya fitar da sabo. Kolorado ta fi kowace jiha yawan elk, ana ƙiyasta sun kai 280,000 ko fiye, alhali a wajajen 1910 waɗanda suka rage a jihar ba su wuce dubu ɗaya ba.

Lokacin barbararsu yana kamawa daga farkon Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, ya fi zafi daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshensa. Babban bijimi, uban garke, yakan tara shanu ya tsare su dare da rana. Dalilin tsaron kuwa, saniya ba ta cika kwana ɗaya tana karɓar namiji ba, in ya kuskure sai bayan mako uku. Ƙananan bijimai suna zagaye a gefe suna jiran ya yi sake. A wannan wata ne dajin ke cika da kururuwar bijimai: sautin yana farawa da gurnani, ya haura ya zama fito mai tsini, sau da yawa ya ƙare da 'yan gajerun gurnani a jere. Shanu da maruƙa kuwa ɗan siririn kuka suke yi wa juna duk shekara, don kada garke ya rabu.

Waɗannan sautuka ne maharba ke kwaikwayo. Kayan aikin ba su da yawa: 'yar roba siririya da aka ɗame a kan ƙaramin ƙarfe, ana manna ta a ganɗa a hura, sai kuma bututun roba mai ɗan tsawo da ake kafawa a baki don sautin ya yi kauri. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san maharbin ƙasar Hausa mai ɗaura kan burtu ya sunkuya ya kusanci nama, sai dai can ido ake yaudara, nan kuwa kunne.

Dokar jihar ta kafa iyaka. A shekarun da ake magana, lokacin farauta da baka daga 2 ne zuwa 30 ga Satumba. Ana halatta harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. An hana kiran manyan namun daji da na'urar lantarki, sai da baki. A yawancin yankuna ba a harbin bijimi sai ƙahonsa na gefe ɗaya ya kai rassa huɗu, ko reshen goshinsa ya kai inci biyar. Cikin masu farautar elk da baka a jihar, wajen ɗaya cikin goma ne ke komawa gida da nama.

Wurin farautarsa kwari ne a gandun dajin gwamnatin tarayya, tsayinsa daga teku mita 2,700 zuwa 3,200. A ƙasa akwai fadama mai ciyawa da ƙorama. Gangaren da ke fuskantar kudu itatuwan asfen ne masu sarari, wanda ke fuskantar arewa kuwa duhuwa ce ta dangin fain, cike da kututture da faɗaɗɗun itatuwa.

## Satumba 2021: kururuwa daga safe har yamma

Ya shiga daji a mako na biyu na wata, shi kaɗai, na kwana biyar. Tsarinsa shi ne ya bi hanyar ƙafa, duk bayan mita 300 ko 400 ya tsaya ya saki kururuwa mai ƙarfi, ba ya bambanta asuba da azahar.

Da asuba yana samun amsa. A safiya ta biyu wani bijimi ya amsa masa sau shida daga fadama, tun kafin gari ya waye sosai. Ya nufi wurin yana ƙara kira, bijimin yana amsawa, amma kowace amsa ta fi ta baya nisa. Kafin ƙarfe takwas da rabi garken ya haye doron tsauni, sautin ya ɗauke. Haka aka maimaita a safiya ta huɗu.

Daga hantsi zuwa la'asar babu abin da ya amsa masa, sai sau ɗaya. Ya bi wannan amsa kusan awa guda, ya iske wani maharbi ne ɗan'uwansa zaune a gindin itace da nasa bututun. Da yamma yakan ci gaba da yawo da kira har duhu. Bai ga bijimi ko ɗaya a ƙasa da mita 200 ba, shi kuwa iyakar nisan da ya amince wa hannunsa mita 40 ne.

## Satumba 2022: kukan saniya kaɗai

Daga abin da ya faru ya ɗauka cewa kururuwa ce ke korar su. Saboda haka ya bar bututun a gida, ya tafi da kukan saniya kaɗai. Ya yi kwana bakwai, daga 8 zuwa 14 ga wata. Wata ya cika a daren 10, dare ya yi haske fes, kuma a ranar ce aka buɗe kwana tara na masu bindigar ɗuri, mutane suka ƙaru a dajin.

Abubuwa uku sun faru da suka cancanci a rubuta.

Ranar 9, ƙarfe bakwai da kwata na safe, wani matashin bijimi ya taho wa kiran. Maharbin yana zaune a bakin wani fili, fili a gabansa, duhuwa a bayansa. Bijimin ya fito ta ɗaya gefen, ya tsaya cak a mita 75, ya kafa wa wurin ido. Maharbin ya sake kira. Bijimin ya ƙara kallo, ya juya a hankali ya koma. Ba firgita ya yi ba, bai dai ga saniyar da kunnensa ya ce masa tana nan ba.

Ranar 11 ya bi garke daga fadama zuwa gangaren arewa, yana ƙasa suna sama, iska tana kaɗa masa a fuska. Wajen ƙarfe tara da rabi rana ta bugi gangaren, ya ji sanyin iska a ƙeyarsa. Ba a yi minti biyu ba wata tsohuwar saniya ta yi haushi guda, irin gajeren sautin da suke yi na gargaɗi, sai ƙarar karyewar itatuwa. Garken bai koma wannan kwari ba har maharbin ya tashi.

Ranar 13 da la'asar sakaliya ya zauna a saman wata hanya da suke bi zuwa fadama, yana kira duk bayan minti biyar. Da inuwa ta rufe gangaren, iska ta juya ta gangara, ta kai warinsa daidai kan hanyar. Ya ji motsin ƙafafu a ƙasa da shi, ya ji sun tsaya, ya ji sun ranta a na kare.

## Tsakanin kaka biyu

Da hunturu ya kai maganar ga kawunsa, dattijo mai shekara sittin da wani abu wanda ya daɗe yana farauta a waɗannan tsaunuka kafin gwiwa ta rage masa tafiya. Ya ɗauko 'yar robarsa zai gwada masa kira, dattijon ya ɗaga hannu.

"Bar shi, ɗana, kiranka ba shi da laifi. Ka faɗa mini ƙarfe nawa ne, kuma ina iska take."

"Kawu, ai ban riƙe ba duka."

"To, zauna mu lissafa."

Suka jera duk haɗuwar da ya yi a kaka biyu, kowace da lokacinta da inda yake tsaye. Kan wannan jeri dattijon ya shimfiɗa masa yinin elk. Da dare suna kiwo a sarari. Gari na wayewa shanu ke jan gaba su haura zuwa makwanci, yawanci duhuwar gangaren arewa mai sanyi, tafiyar kilomita ɗaya zuwa uku. Uban garke yana biye da su, yana kururuwa yana tafiya. Daga walaha zuwa la'asar suna kwance suna tuƙa. A tsakiyar wannan hutu bijimi yakan miƙe ya zaga shanunsa, ya sha ruwa, ko ya je kududdufi ya yi birgima a taɓo. Da yamma su gangaro.

Iska ma tana da nata yinin. Da dare da sassafe iska mai sanyi tana da nauyi, gangarowa take yi. In rana ta ɗumama gangare sai ta juya ta haura, ta zauna a haka har yamma, inuwa na sauka ta sake gangarowa. A lokutan juyawar nan biyu, hantsi da gab da almuru, ba ta da alƙibla, kaɗawa take yi ta ko'ina. Elk kuwa yakan yi shakkar idonsa, ya yi shakkar kunnensa, amma in ya shaƙi mutum magana ta ƙare.

Shirin da suka yi bai ƙunshi sabon kaya ba, in ban da 'yar kwalbar farar hoda da ake matsawa a ga inda iska ta nufa. Suka amince dattijon zai zo ya zama mai kira, ya tsaya a baya, saurayin ya zama mai harbi a gaba. Suka ɗage tafiyar zuwa bayan 17 ga Satumba, ranar da masu bindigar ɗuri ke tashi a 2023. A watannin bazara maharbin ya bi gangaren arewa da ƙafa, ya gano makwantai biyu ta wurin kwantacciyar ciyawa da kashi da itatuwan da aka goge wa ɓawo, da kududdufi ɗaya a tsakaninsu.

## 18 da 19 ga Satumba 2023

Ranar farko ba su yi kira ko ɗaya ba. Ƙarfe biyar na asuba suna kan doron tsauni, raɓa ta daskare a kan ciyawa, suka zauna suna saurare. Bijimai uku suka ji, biyu masu siririyar murya a gefe, ɗaya mai kauri da kaushi a tsakiyar fadama. Suka bi sautin da kunne har ya tsaya wajen ƙarfe tara a makwancin da ya fi nisa. Suka koma tanti.

Ranar 19 fadama ta yi tsit da asuba. Ƙarfe shida saura kwata, awa guda da 'yan mintoci kafin fitowar rana, dattijon ya saki kururuwa ɗaya, siririya, doguwa, babu gurnani a ƙarshenta. Wannan kiran lalube ne, tambaya ce kawai ta wa ke nan. Aka amsa daga kusurwar gabas. Bai sake ba. Suka bi garken ta gefe, nesa da mita 400, ba a bayansu ba, kuma kullum ƙasa da su kaɗan tunda iska tana gangarowa. Ƙarfe tara saura suka janye gaba ɗaya, suka zagaya ta bayan tsauni, suka zauna a inuwa suka ci guzuri har iska ta gama rawarta.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi hoda ta nuna iska tana haurawa. Suka fara gangarowa kan makwancin daga sama. A mita 200 sai girgije ya rufe rana, hodar ta tsaya, ta karkata hagu, ta koma ƙasa. Dattijon ya taɓa kafaɗar ɗan 'yar'uwarsa, ya nuna baya da haɓa. Suka fita ba tare da sun yi kira ba. Maharbin ya faɗa daga baya cewa wannan juyawa ta fi masa kowane abu wuya a makon, don yana jin warin garken a hancinsa.

## 20 ga Satumba

Aka wayi gari da yayyafi, iska tana kaɗawa ta ko'ina, suka bar makwancin ya huta. Da la'asar sama ta washe, suka je kududdufin. Maharbin ya zauna a mita 25 daga ruwan, ta ƙasa da shi kuma a gefe, yadda in iskar yamma ta gangaro za ta ɗauke warinsa ta bar wurin. Dattijon yana can baya. Cikin awa uku sau biyu kawai ya yi kukan saniya, a hankali, ya haɗa da karya busasshen reshe da motsa ruwa da sanda.

Gab da ƙarfe bakwai wani ɗan bijimi mai ƙaho tsinke biyu ya fito shiru, ya sha ruwa, ya tsaya a mita 18 kusan minti goma. Doka ba ta halatta shi ba. Ya tafi bai san da kowa ba. Da duhu ya rufa suka ji uban garken yana kururuwa yana gangarowa fadama, ba su amsa masa ba.

## 21 ga Satumba

Safiya ta zo da sarari da sanyi. Kira ɗaya na lalube da asuba, amsa ɗaya, sannan shiru. Garken ya kwanta a makwancin da ya fi kusa, wajen tara da kwata. Suka sake zagayawa, suka jira.

Ƙarfe sha biyu rana ta tsaya, babu girgije, hoda tana haurawa sau uku a jere. Suka ajiye jakunkuna suka gangaro. Mita 300 na ƙarshe sun ci musu minti hamsin, taki biyu ko uku a tsaya, a duba ƙarƙashin rassa ko za a ga kunne ko ƙafa. Da suka ƙiyasta saura mita 100, maharbin ya wuce gaba da mita 50, ya durƙusa a gaban wani kututture, ba a bayansa ba, don reshe kada ya tare masa jan baka. Ya auna itatuwa uku da na'urar auna nisa: 22, 28, 36. A gabansa akwai ɗan tudu wanda duk abin da zai zo dole ya hau kansa kafin ya hango inda kiran yake.

Dattijon ya fara da kukan saniya biyu, ƙasa-ƙasa, kamar wadda ta miƙe daga kwanciya. Shiru. Bayan minti goma ya ƙara, ya haɗa da na maraƙi. Daga cikin duhuwa sai gajeren gurnani a jere, na bijimin da ko tashi bai yi ba, yana cewa saniyar ta taho. Dattijon bai amsa da murya ba. Ya ɗauki reshe mai kauri ya shiga gurzar wani ɗan itace da ƙarfi, sama da ƙasa, yana take busassun ƙirare, kamar yadda bijimi ke yi da ƙaho. Minti guda cur.

Uban garken ya miƙe ya saki cikakkiyar kururuwa. Kafin ya kai ƙarshenta dattijon ya katse shi da tasa, mai ƙarfi, mai kaushi, ta cikin bututu. Wannan shi ne kirarin farko da suka yi a cikin kwana huɗu.

Abin da ya biyo baya bai kai minti uku ba. Aka ji rassa suna karyewa, ƙahon ya fara bayyana a kan tudun, maharbin ya ja baka lokacin da kan dabbar ke bayan wani itace. Bijimin ya wuce ta gefensa idonsa na can kan inda dattijon yake. Maharbin ya yi ɗan kuka da 'yar robar da ke bakinsa, bijimin ya tsaya, haƙarƙarinsa a buɗe, kusa da itacen mita 28. Kibiya ta shiga bayan kafaɗa. Ƙarfe ɗaya da minti goma.

Suka jira minti arba'in da biyar kafin su bi jini. Ya faɗi a mita 90, huhu biyu kibiyar ta ratsa. Rassa shida ne a kowane gefe. Suka cike takardar lasisi suka maƙala, suka feɗe a wurin, suka zuba naman a buhunan yadi suka rataye a inuwa ya sha iska, don a zafin azahar nama mai kaurin nan ba ya jira. Dokar jihar ta wajabta kwashe naman ci, barinsa a daji laifi ne. Naman da aka cire wa ƙashi ya haura kilo 100, mota kuwa tana kilomita huɗu. Sai washegari da azahar suka gama ɗauka.

## Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Kiran da ya kawo bijimin a 2023 shi ne wanda ya kore su a 2021. Bambancin yana ga lokaci da nisa. Da asuba uban garke yana biye da shanun da suka riga suka kama hanya, in ya ji abokin gaba daga mita 500 abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya amsa ya ƙara kora su gaba. Amsar da maharbin yake murna da ita ba alkawarin zuwa ba ce. Da tsakar rana kuwa shanun suna kwance, ba za su tashi don ra'ayinsa ba, ga kuma wani a mita 100 yana karya itace yana katse masa murya. Babu inda zai kai su, dole ya fito.

Hukuncin da ya yanke bayan kakar farko, cewa kururuwa ce matsala, kuskure ne, kuma shi ya cinye masa kakar 2022. Biyu daga cikin haɗuwa ukun wannan shekara iska ce ta ɓata su, ɗaya a juyawar hantsi, ɗaya a ta yamma. Ta ukun wurin zama ne: ya yi kira daga inda dabba za ta iya tsayawa nesa ta duba. Raba mai kira da mai harbi, da sa tudu a tsakani, su suka magance wannan.

A ganina janyewar ranar 19 ta fi harbin ranar 21 nauyi. Da sun matsa a cikin wannan iska, da garken ya bar kwarin kamar yadda ya yi a 2022, kuma babu wani kira da zai dawo da shi. Shiga makwanci caca ce mai tsada, shi ya sa maharba da yawa ba sa yarda da ita sam, kuma suna da hujja. Ba ta dace ba sai rana ta tsaya, iska ta zauna, kuma mutum ya san takamaiman inda dabbobin suke.

Akwai abubuwan da suka taimaka waɗanda ba dabara ba ne. Ranar 21 ga Satumba tana tsakiyar zafin barbara, bijimin da zai yi biris da kirari a ranar 5 yakan zo a fusace a ranar 21. Masu bindigar ɗuri sun tashi, dajin ya huta kwana huɗu. Dare kuma ba shi da hasken wata irin na makon da ya yi a 2022. Ba za a iya ware rabon kowanne daga nasara guda ɗaya ba. Zaman yamma ma bai ba da bijimin da doka ta yarda da shi ba, iyakar abin da ya nuna shi ne ƙarancin kira da zama ta ƙasan iska sun bar dabba ta zo mita 18 ba ta firgita ba. Wanda zai yi farauta shi kaɗai, babu mai kira a bayansa, sai ya yi kiran sannan ya yi sauri ya matsa gaba mita 30 ko 40 ya yi shiru, don bijimin ya nufi wurin da ya baro.